Gansakukar Randar Kaka

A gindin randar Kaka, a gidanmu na Azare, akwai gansakuka koriya shar, mai laushi kamar gashin jinjiri. Da wannan randa aka kawo Kaka gidan miji daga Shira. Lokacin da nake aji huɗu na firamare idanunta sun riga sun tafi, don haka kowace safiya takan durƙusa ta shafa gansakukar. In ta ji danshi sai ta ce, "Randa na numfashi, ruwa zai yi sanyi."

A shekarar aka naɗa yayata monita, ita ke baƙanta allon ajinsu. Takan tara matattun batiran rediyon Baba, ta fasa da dutse, ta kwaɓa baƙin garin cikinsu a gwangwani. A inuwar randar take wannan aiki, nan kuma take ɗauraye gwangwanin.

Gansakukar ta soma yin ja, daga baya ta bushe tana marmashewa. Kaka ta shafa, ba ta ji danshi ba.

"Randar ta tsufa, Inna," in ji Baba. "Zan sayo miki duron roba wurin mutanen kudun nan na kasuwa. Wannan a riƙa shayar da awaki a ciki."

Kaka ba ta musa ba, amma ranar ba ta ci tuwo ba.

Ni kuwa na lura ba duka ta mutu ba. Inda baƙin ruwan nan ke bi ne kawai ta ƙone. Ta jikin bango tana nan koriya. Sai dai ban iya magana gaban Baba ba, ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi. Washegari, yana alwala a tsakar gida, na kama hannun Kaka na zagaya da shi bayan randar.

Yatsunta suka tsaya.

"Ƙawata, me ya cinye ta gaban?"

"Ruwan batir," na ce, da kyar.

Yaya ta harare ni. "Ashe kurmar gidan nan tana da baki."

Baba ya leƙa bayan randar, ya daɗe. Sannan ya ɗauko fartanya ya kwashe baƙar ƙasar, ya zuba sabon yashi. "Hajiya monita," ya ce, "ki kwashe masana'antarki ki bar mana nan."

Ba a sayi duron ba. Gansakukar gaba ba ta yi saurin dawowa ba, sai da damina ta yi nisa. Kafin nan, Kaka ta ba ni aikin duba mata inda koren ya kai, kuma ba ta karɓar amsa gajera.