Haihuwa Cikin Takaba

Cikina ya shiga wata na biyar lokacin da bom ya tashi a tashar mota ya rutsa da mijina. Kayan gwari yake saya a Kwadon, garinsu, tumatir da albasa, ya yi lodi zuwa kudu. Ranar ma ba lodi ya je yi ba, wani direba ya je nema. Da la'asar ƙaninsa ya shigo gidanmu a unguwar Manawashi, cikin Gombe, ya tsaya a tsakar gida, ina ganin fuskarsa na ɗauki hijabina na bi shi. A babban asibitin gwamnati muka same shi, an jera gawarwaki a wata doguwar baranda an lulluɓe da zannuwa. Da takalminsa na gane shi. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna kamar yadda yake kiranta, ta iso daga Kwadon bayanmu, aka riƙo ta har wurin.

Daga nan na shiga takaba. Inna ta kwaso kayanta ta dawo gidanmu, muka zauna mu uku da 'yata ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Yayata, Adda, tana aure a Bagadaza, kusan kullum sai ta zo. Masu gaisuwa su shigo, su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Idan aka ajiye mini abinci in ci, idan aka manta ba na tambaya. Mata suna ta yabon tawakkalina, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsunkule ta ba ta sani ba.

Da ma a babban asibitin nake zuwa awo. Bayan rasuwar ban koma ba, kuma babu wanda ya tayar da maganar, sai da ciki ya tsufa ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga. Wata rana Adda ta danna yatsa a ƙaurina, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Inna, ya kamata a san inda yarinyar nan za ta haihu," in ji Adda.

Inna tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "A Kwadon, a ɗakina. Ungozomar da ta karɓi haihuwar mijinta tana nan da ranta."

"Haihuwarta ta fari fa aiki aka yi mata aka ciro yarinyar. Likita ya ce ta gaba kada a kuskura a yi ta a gida."

"Likita shi ke raba kwana?"

"Ba shi ba ne, Inna. Amma dubi ƙafarta."

Suka juyo gare ni. Na ce duk yadda suka yi daidai ne. Da gaske nake. Da sun ce a bakin titi zan haihu, da na ce to.

Adda ba ta ambaci babban asibiti ba, ko a ranar ko bayanta. Ta ɗauka ba zan iya sake shiga wurin ba, don haka ta fara neman wani. Aka tambayi limamin unguwa, ya ce mai takaba tana iya fita don lalura. Muka fara fita da safe a Keke Napep, ni da Adda.

A shekarun nan mace mai dogon hijabi da tudu a gaba abin tsoro ce a Gombe, saboda 'yan ƙunar baƙin wake. Mai Keken farko ya rage gudu, ya dube ni, ya ƙara mai. A shingen bincike an sauke mu, wani jami'i ya tsaya daga nesa ya ce in ɗaga hijabin. Adda ta fara faɗa, tana cewa ba ya ganin juna biyu ne da ita. Ni dai na ɗaga, ya kalli cikin, ya ce mu wuce. Adda ta yi ta share hawaye har muka isa, ni ina kallon masu sayar da rake.

Wani asibitin kuɗi muka fara zuwa, fes da shi, ga janareta yana aiki. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce suna yin tiyata, sai dai likitan da ke yi ba a nan yake zama ba, kiransa ake yi daga wancan ɓangaren gari. Adda ta tambaya, to idan aka saka dokar hana fita fa? Matar ta ce ai Allah zai kiyaye. Muka fito.

Na biyun a Bagadaza yake, kusa da gidan Adda, wani gida ne da wata tsohuwar nas ta mayar wurin karɓar haihuwa bayan ta yi ritaya. Adda ta fi son nan, don ko da ƙafa za a iya zuwa, babu shinge a tsakani. Sista, haka kowa ke kiranta, ta kwantar da ni, ta ga tabon aikin, ta auna jinina, ta sake aunawa.

"'Yata, kanki yana ciwo?"

Na yi tunani, na ce ina jin yana yi.

"Tun yaushe?"

Na ce ban lura ba.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ga Adda. "Jininta ya hau, ga tsohon ɗinki. Ni ba ni da ɗakin tiyata, ba ni da jinin ƙari. Idan na karɓe ta na cuce ku. Ku kai ta babban asibiti, kuma kada ya wuce gobe."

Adda ta rage murya ta gaya mata abin da ya faru a can. Sista ta ce Allah ya jiƙansa, ta riƙe hannuna, amma ba ta canja magana ba.

A gida Adda ta yi ta kewaye-kewaye, ta kasa faɗa wa Inna. Ta ce ko a gwada wani gari, ko a koma wancan na kuɗin. Na gaji da sauraro, na ce, "A kai ni babban asibitin. Ba komai."

Adda ta ce, "Kin tabbata za ki iya?"

Na ce zan iya. Ba jarumta ba ce. Na lalubi tsoron da take yi mini a cikin raina, ban same shi ba.

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ku je. Ni dai ƙafata ba za ta sake taka cikin wurin nan ba." Muryarta a kwance ta faɗa, kamar mai cewa ba ta cin yaji. A lokacin na gane dalilin maganar Kwadon da ungozoma. Duk ana ta kare ni daga asibitin, ashe ita ce ba ta iya shiga.

Washegari da safe muka tafi mu uku, aka bar 'yata wurin maƙwabta. A bakin ƙofa masu gadi suna shafa wa mutane na'urar bincike. Inna ta miƙa wa Adda kwandon kaya, ta tsallaka titi, ta shimfiɗa ɗankwali a gindin wata dalbejiya kusa da masu lemo da ayaba, ta zauna.

Hanyar ɗakin masu haihuwa ta gaban barandar nan take bi. Adda ta matso ta tare mini gefen da jikinta, amma na leƙa. An wanke simintin. 'Yan jinya sun baza tabarmi, wata tana ɗauraye kwanuka, wani dattijo yana barci da rediyo a kunne. Na gane daidai gurbin da ya kwanta, kusa da ginshiƙi. Wata mata ce zaune a wurin tana ɓare gyaɗa. Na wuce.

Suka kwantar da ni, suka yi ta fama da jinin, da ya ƙi sauka suka ce za a yi aiki. Aka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Ina jin ana jan wani abu a jikina, likitoci suna hira a kan layin mai. Can na ji kuka. Wata nas ta kawo ta kusa da fuskata ta ce mace ce. Na ce masha Allah, don na san abin da ake cewa ke nan.

Da aka dawo da ni ɗaki, Adda ta sunkuyo ta ce, "Kin fita takaba ke nan." Na ce to.

Kwanakin da na yi a kwance, kullum Inna tana zuwa da hantsi da fulas ɗin kunun kanwa da farfesu, ta aika a kira Adda ta karɓa a bakin ƙofa, ita kuma ta koma gindin bishiyar har la'asar. Adda ta roƙe ta, ta ce akwai wata ƙofa ta baya da ba ta bi ta barandar. Inna ta ce ta ji, ta gode. Ta tambayi ko nono ya zo, ko yarinyar tana kama, ko ina cin abinci. Da wayar Adda aka ɗauki hoton jaririyar aka kai mata, ta duba ta mayar, ta ce za ta jira ta gan ta da ido.

Ranar da aka sallame ni na fito a hankali, ina dafe da ciki, Adda na rungume da jaririyar. Inna ta hango mu ta miƙe, ta tsaya a bakin kwalta har muka tsallaka. Ta karɓe ta, ta buɗe tawul, ta duba yatsun hannu, ta duba kunnuwa, ta tofa mata addu'a a ka. Sannan ta ce, "Wa ya sa mata hular nan? Ta yi mata yawa."

Adda ta tsayar da Keke. Inna ta shiga da jaririyar, aka taimaka mini na zauna a gefenta. Ta ce wa mai Keken ya bi a hankali, akwai mai ɗinki a ciki.