Malam Arzika, Mai Ɗaure Wutsiyar Jirgi

Kowace Asabar, da an idar da sallar asuba, Malam Arzika yakan ɗaure wani tsohon buhun taki a bayan babur ɗinsa ya baro Danchadi. A cikin buhun akwai guduma, da rodi biyu da ya naɗe da robar taya, da igiyar rijiya, da wani guntun icce mai tsawon kamu ɗaya. Yakan riga kowa isa filin da ke bayan garin Bodinga. Ya duba inda iska ta dosa, ya kafa rodinsa, ya jijjiga su da ƙafa, ya ƙara musu guduma, sannan ya ja dogon layi a ƙasa. Daga nan ya nemi gindin aduwa ya zauna yana jiranmu, mu masu jirage, da ba mu taɓa zuwa kan lokaci ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu goma sha biyu ne daga Bodinga da Shagari, malaman makaranta irina, da masu walda, da masu gyaran waya. Muna ƙera ƙananan jiragen sama da falanki da soso, mu ɗora musu injin yankan ciyawa, mu tuƙa su da rimot daga ƙasa. Mutane suna ce wa abin wasan yara. Waɗanda suke faɗin haka ba su taɓa tsayawa kusa da farfela tana juyawa ba.

Malam Arzika ba matuƙi ba ne. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa, kuma duk mai lambun albasa a fadamar Danchadi ya san shagonsa. Shekara goma sha uku yana tare da mu bai taɓa tashin jirgi ba. Ranar da muka matsa masa ya karɓi rimot, juya shi ya yi gaba da baya ya miƙo mana abinmu.

Gyaran kafireto ne ya fara kawo shi filin. Bilyaminu mai walda ne ya kira shi, injin jirginsa ya ƙi tashi. Da ya gama gyaran sai ya tsaya yana kallon Bilyaminu ya durƙusa a gaban jirgin, rimot a hannun hagu, yana shirin kaɗa farfela da yatsun dama.

“Bilya, wanga abu in ya tashi, wa ka riƙe shi?”

“Ni mana, Baba.”

“Da wane hannu? Guda na ga hwarhwela, guda na ga rimot. Ko kana da na ukku cikin aljihu?”

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Asabar ɗin da ta biyo ya dawo da buhunsa, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya yi masa alkawarin komai.

Tun daga ranar ba a sake tayar da inji a filin nan yadda aka ga dama ba. Sai an tura jirgi tsakanin rodi biyun nan har ƙananan fukafukan wutsiya sun tokare su. Sai an zarga igiya a wutsiyar an ɗaure. Sai ya kama jirgin ya fizgo shi gaba da ƙarfinsa ya ga bai motsa ba. Sai ya ga da idonsa an kunna rimot kafin jirgin, ya leƙa kafireto ya tabbata totur yana ƙasa. Mai babbar riga ya tuɓe, mai carbi a wuya ya cire, ’yan kallo su koma bayan layi. Ba a kaɗa farfela da yatsa, sai da guntun iccen nan. In inji ya tashi kuma kana son gyara masa silo, wato gudun da yake yi a tsaye, ka zagayo ta baya, kada ka kuskura ka miƙa hannu ta saman farfela. Haka yake yi wa kowane jirgi, kowane tashi, ko da ka tashi sau shida a safiya ɗaya.

Zan faɗi gaskiya, ya ishe mu. Rana tana yi, iska tana shirin tasowa, kai kuma kana tsaye kana jiran dattijo ya gama ƙulla igiya. Mun yi masa gunaguni, mun yi masa ba'a. Ni da bakina na laƙaba masa “Sarkin Turke”, don a yi dariya, aka kuwa yi. Ya ji, ya ci gaba da ƙullinsa.

Shekara biyu da suka wuce aka gayyace mu Shagari mu nuna jirage a wani taro, a fili kan hanyar Kajiji. An kafa rumfa, an jera benci, an zaunar da wani babban baƙo da ya zo daga birni. Zainulabidin, wanda ya fi mu duka iya tuƙi, ya zo da sabon jirgi, faɗin fukafukansa ya fi tsawon mutum. Ya ajiye shi yana fuskantar rumfa, don masu ɗaukar bidiyo su samu gabansa, ya ce yau kam ba za a ɓata masa hoto da igiyar rijiya ba.

Malam Arzika ya ɗauki galan ɗin man da za a zuba wa jirgin. Ya ajiye shi a ƙasa, ya zauna a kai.

Zainulabidin ya ce, “Baba, don Allah ka tashi. Manyan mutane ke jira.”

“Su jira. Ba a tada shi sai an ɗamre shi, kuma sai an juya hancinai daji.”

“Na gwada shi jiya a gida, lafiya lau yake.”

“Jiya ka gwada. Yau ba mu gani ba.”

Wani daga cikin masu shirya taron ya zo yana haki, ya ce wane ne wannan tsohon, a janye shi. Ni ma na je na durƙusa kusa da shi ina magana ƙasa-ƙasa, ina roƙonsa kada ya ba mu kunya. Ya nuna mini bencin gaba da haɓarsa. Mata ne a jere da goyo, ga Inna Mairo mai fura ta ajiye ƙwaryarta daidai saitin hancin jirgin, taku goma bai cika ba.

“Abdulaziz, kai malamin makaranta na. Hwaɗa min, in yak kuɓuce, ina za shi?”

Muka juya jirgin. Malam Arzika ya kafa rodinsa yana buga guduma a gaban jama'a ana yi mana dariya, ya ɗaure wutsiya. Ya ce a ba shi ya leƙa kafireto, Zainulabidin ya ce ai murfin jirgin ya rufe shi, kuma haƙurinsa ya ƙare. Ya sa icce ya kaɗa farfela.

Injin ya tashi da dukan ƙarfinsa lokaci guda. Daga baya muka gano an juya saitin totur a rimot, ƙasa ta koma sama. Jirgin ya zabura, rodi suka tare shi, igiya ta miƙe har tana rawa, ƙura ta turnuƙe bayansa. Zainulabidin ya faɗi da baya, rimot ya suɓuce masa. Malam Arzika ya zagaya ta baya da sauri, ya matse tiyon mai da yatsunsa, ya riƙe har injin ya mutu. Ɗaya daga cikin rodin ya lanƙwashe. Inna Mairo tana tambayar na kusa da ita ko an fara ne.

Aka gyara saitin, jirgi ya tashi, ya yi ta shawagi, aka tafa. Bidiyon ranar ya zagaya wayoyi har Sakkwato. Na kalle shi ya fi sau ashirin. Akwai jirgi, akwai baƙo yana murmushi, akwai Zainulabidin ana ɗaga masa hannu. An yanke duk wurin da Malam Arzika ya fito, wai yana tare hoto. A jawabin rufe taro an gode wa wanda ya ba da aron benci, ba a ambaci sunansa ba. Mu ma da muka ga komai da idonmu ba wanda ya tashi ya gyara. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma kaina nake fara zargi.

Kai ne, Malam Arzika, ka yarda a ƙi ka na minti goma don kowa ya koma gida da yatsunsa. Kai ne ka sha ba'ar yaran da ka haifi kamarsu, ba ka taɓa fushi ka ɗauke buhunka ba. Aikinka in ya yi kyau ba a ganin komai, shi ya sa muka ɗauka ba ka yin komai.

Watan jiya gwiwa ta hana shi durƙuso, likita kuma ya ce ya rage hawan babur. Ya kawo buhun ya damƙa mana, ya nuna mana ƙullin sau uku, muka ce mun gane. Asabar ta farko muka ɗaure kowane jirgi. Ta biyu muka ɗaure manya kawai. Ta uku buhun yana gindin aduwa ba a ko kwance bakinsa ba, Bilyaminu ya durƙusa gaban jirginsa, wani ya riƙe masa fiffike da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Jirgin ya zabura, farfela ta sare Bilyaminu. Ɗinki tara aka yi masa a hannun dama, hannun da yake riƙe walda da shi yana ciyar da mutum bakwai. A asibiti matarsa Basira ta tare ni a baranda.

“Malam, ina tsohon da ke ɗaure muku abin nan?”

Na ce ya huta.

“To ku goma sha biyu ba wanda ya iya ƙulla igiya?”

Mun iya. Ganda ce kawai ta hana mu, da ganin cewa mun ƙware.

Ranar Laraba na je Danchadi na same shi a ƙofar shago, ƙafa a miƙe kan tabarma, yana wanke fulogi a cikin gwangwanin fetur. Ya riga ya je ya duba Bilyaminu, a motar haya. Na yi zaton zai yi mana faɗa, bai yi ba. Na gaya masa zan rubuta jinjina a kansa mutane su karanta. Ya ɗago ya dube ni kamar na ce zan tashi sama da kaina.

“Mi za ka rubutawa? In dole na, ka rubuta musu rodi shi shiga ƙasa kamu biyu, in rairayi na ukku. Kuma a riƙa canza igiya duk bayan damana, rana na cinye ta.”

To ga shi na rubuta, Baba, yadda ka faɗa. Sauran kuma nawa ne, ko kana so ko ba ka so. Mun gode, godiyar da ta makara da shekara goma sha uku. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu jirage, na Bodinga da Shagari da duk inda wannan ya iske ku, kada ku jira sai kun samu dattijon da zai zauna muku a kan galan. A cikinku wani ya yarda ya zama wanda za a yi wa tsaki. A namu filin an rasa mai so, don haka daga wannan Asabar ni ne. Duk wanda ya zo da gaggawa, ya taho da haƙurinsa.