Buhun da Muka Ɗauko Daga Damri

Gusau zuwa Mafara

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Gusau a tsohuwar motar Alhaji Bala, taubashina. Shi ne shugaban wata ƙungiya a unguwarmu da ta yi rantsuwa ta daina cin kayan kanti, sai abin da ya fito daga hannun manomi. Shi kuwa da sayar da buhunan shinkafar waje ya gina gidansa, amma ba a faɗin wannan a gabansa. Ya yi alkawarin walima ranar Juma'a da shinkafar Bakura zalla, masu harin kujerarsa kuma suka ce in bai kawo ba, ya sauka.

A shingen da ke gaba da Maru soja ya tambayi inda za mu. Alhaji ya fara masa wa'azin cin tsabar gona, sojan ya ɗaga mana hannu don kunnensa ya huta.

Mun tarar da kasuwar Mafara ta cika, ga shinkafar gida tuli. Na ce mu saya mu juya.

"Wannan ta bi ta hannun dillali," in ji shi. "Ni sai na ga manomin da idona."

Muka karya da hoce da tsire. Ya tambayi mahaucin wane makiyayi ya yi kiwon ragon.

"Alhaji, ragon bai hwaɗa min ba," in ji mahauci.

Maradun

Neman man shanun ƙauyen Janbako ne ya kai mu Maradun. A tasha wani direba ya kalli hular Alhaji ya ce, "Hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar, kuma masu shanun sun tashi tun bara." Alhaji, wanda tun safe yake cewa inda manomi ya kwana nan zai kwana, ya ce mu koma masauki a Mafara, can akwai fanka.

Damri

Washegari muka bi ta Bakura, da hantsi muka sauka gidan Malam Ummaru, manomin da aka yi mana kwatancensa. Gaisuwa ta kai ta kawo, ta bi gida da iyali da damina. Na lura rumbunsa ya kusa ƙasa, sai akuya ɗaya a turke. Tun kaka ya sayar wa dillalai shinkafarsa.

Aka kawo mana taliya da lemon kwalba. Alhaji ya nemi tuwon dawa.

"Tuwon dawa ga baƙon birni? Mi mutanen gari za su ce muna?" in ji Malam Ummaru.

Da Alhaji ya ce buhun shinkafa zai saya, dattijon ya ɓata rai. "Baƙona ba ya saye a gidana. Ku dai huta."

Ƙanen Malam Ummaru ya fita a babur. Alhaji ya shiga gona da rigar shadda, ya riƙe lauje a juye na ɗauke shi hoto. Kafin la'asar aka saka mana buhu a mota, an naɗe shi da tsohon buhun algarara an ɗinke. Ba a buɗe kyauta a gaban mai ita, sai muka yi godiya muka kama hanya. Ina fita na ga turken akuyar wayam.

Gida

Ranar Juma'a da safe ’yan ƙungiya suka taru, Alhaji ya farke ɗinkin da hannunsa. Shinkafar waje ce fara tas, ga jan fentin da yake shafa wa buhunan da yake sayar wa ’yan kasuwar Mafara. Malam Ummaru ya ji kunyar ba babban baƙo ta gida mai tsakuwa.

An yi dariya har da masu riƙe ciki, kujera kuma ta tafi. Ni dariyar ta maƙale mini, don na san abin da ya sayi buhun.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Malam Ummaru, wanda muka je tallafa wa, muka raba shi da akuyarsa.