Bar Mini Sallamar

A tashar Sabon Birni akwai wata dattijuwa tsugune gaban rumfar mai cajin waya. Mayafinta ya koɗe, ƙaramar rediyonta ɗaure da tsumma, tana rungume da ita kamar jaririya. Maliki mai caji ne ke rubuta mata saƙo zuwa shirin gaishe-gaishe.

Tana gaida mai gabatarwa, tana tambayar iyalinsa, da gajiyar aiki, har da ruwan bana.

"Inna, saƙonni na shigo musu kamar ƙasa. Dogon saƙo ba su karanta shi," in ji Maliki.

Ta murza bakin mayafi. Da alama akwai wanda gudun hijira ya raba ta da shi, ba lamba, ba labari, sai dai ta san shirin nan ba ya wuce shi.

"To, share sauran. Ka ce Fadima tana nan da rai, Amiru shi kwantar da hankalinai."

Yana cikin sharewa, sai ta ɗaga hannu.

"Bar mini sallamar, ɗana. Gidan mutane za ni shiga."