Rumfar Albert Mai Haske

Duk wanda wayarsa ta yi baƙi a Makera, rumfar Baba Albert ake nuna masa. Mutumin Zonkwa ne, ya shigo Kaduna yana saurayi, ya kama aikin lantarki a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe, abokansa suka watse, wasu acaɓa, wasu gida noma. Shi kuwa ya kafa tebur yana gyaran rediyo, da rediyo ta ja baya ya koma waya. A can ya sami sunansa, Albert Mai Haske.

Mutane kan zo masa da waya suna cewa ta mutu, shi kuma ya harare su. "Mutuwa wasa ce? Makancewa ta yi." Sai ya karkata wayar, ya haska ta da tocila, ga rubutu nan can ciki, dishi-dishi. Daga nan sai wa'azi, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A bayan gilashin, in ji shi, akwai ƙananan fitilu farare a jere, ƙarfin batir kuma bai isa ya kunna su ba, sai wani ɗan kwayil da bai fi ƙwayar gero ba ya ɗaga wutar. In ya ƙone, allo ya yi duhu. Wannan ɗan abin Albert yake cirewa da hantsaki ya liƙa sabo da dalma. Abincinsa a idonsa yake, ya kuma san haka.

Shekara biyu da suka wuce ya fara mita. Wayoyin yanzu ba su da haske, kayan gyara duk jabu ne, masu kamfani sun zama marowata. Ya canja ƙwan fitilar rumfarsa har sau uku. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya ce shi ma jabu ne. Maƙwabtansa sun lura yana laluben hantsakin da ke gabansa, amma wa zai iya faɗa wa Albert? Bakinsa ya fi dalmarsa zafi.

Wata Talata da hantsi, Madam Vicky mai suyar doya ta kawo tata wayar da ta faɗa ruwa, allo ya yi baƙi. Ya buɗe, ya canja kwayil da ƙyar, ya kunna. Duhu-duhu. Ya yi tsaki, ya cire, ya sa wani. Haka dai. Yana shirin sa na uku ta riƙe bakin teburin.

"Baba, abeg, ka bar ta haka. Ai haske ya zo tun na farko."

"Ke za ki koya mini aikina?"

"Ba haka ba ne, Baba. Daga nan inda nake ina karanta lokaci. Sha ɗaya da kwata. Har kashe mini ido take yi."

Ya ɗaga wayar dab da hancinsa, ya ja hasken ya kai ƙarshe. Bai ga sha ɗaya ba, bai ga kwata ba, sai wani fari-fari kamar tsumma a cikin ruwan wanki. Ya miƙa mata wayar.

"Kunna mini filashin kyamara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Haska mini a fuska."

Ta yi jinkiri, sannan ta kunna. Wannan farar fitila da ke sa mutum runtse ido ko da rana tsaka, Albert ya kalle ta ido buɗe. Ya rufe idonsa na dama da tafin hannu.

"Kin kunna?"

"Tana kunne, Baba."

Hawaye suka zubo wa Vicky. Shi bai yi kuka ba, amma baƙin ciki ya cika shi, da kunyar duk mutanen da ya zaga a banza. Ya karɓi wayar, ya rufe bayanta da lalube, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya miƙa mata. Ya tattara hantsaki da mitar awon wuta ya zuba a aljihun tebur, ya tura ya rufe, ga rana ko tsaka ba ta yi ba.

Ta juya za ta tafi, ya kira ta.

"'Yata, in ba ki sauri, tsallakar da ni titi."