Ranar da Aka Karɓi Mukullin Motar

Da safiyar ranar da rikicin ya ɓarke ina wanke motar asibiti a bakin kanal ɗin ban ruwa, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Ni ne direbanta. Habu, ma'aikacin jinyar da muke fita tare, yana zaune a gefe yana cin ƙosai, yana yi mini tsiya wai na fi kula da motar gwamnati a kan matata. Masu tumatir suna ta wucewa da kwanduna. Ba wanda ya ɗaga maganar ruwa, alhali kowa ya san mutanen ƙauyen sama sun toshe mana shi, shuka tana ta bushewa.

Da hantsi muka ji ihu daga wajen ƙofar ruwa, inda aka toshe. Samarinmu ne suka je buɗewa da ƙarfin tsiya. Kafin azahar aka kawo mana mutum na farko, an sare shi da adda a kafaɗa. Ana kiran salla muka ji ƙarar bindiga, sai hayaƙi ya tashi ta gabas.

"Ku fito! Sun shigo gari!"

Muka loda masu rauni, wani kan wani kamar buhuna. Habu ya shiga baya, ya danne wuyan wani dattijo da hannu biyu don jinin ya tsaya. Hanyar fita ɗaya ce, ta kan kanal, kuma ta ƙofar gidana ta bi. Rumfata tana ci da wuta. Na hango Rabi, matata, da goyo, tana jan yaranmu cikin gonar shinkafa. Na ɗaga ƙafa daga totur.

"Kada ka tsaya! Zai tafi!" in ji Habu.

Ban tsaya ba. Na kashe jiniya don kada a biyo mu. Muka isa Kura ana la'asar, ashe dattijon ya daɗe da cikawa, Habu bai cire hannunsa ba. Rabi da yara sai washegari na same su a gidan yayarta a Garun Mallam, ƙafafunsu duk sun fashe.

Aka yi sulhu, aka saki ruwa, gari ya lafa. Ni ban lafa ba. Da manoma sun cinna wa karan shinkafa wuta, ko ina kan sitiyari, sai in ga Rabi tana gudu. Barci ya ƙaurace mini. Wallahi tsoro nake ji, tsoron kada wata rana in zuba mai naƙuda a kanal. Da na faɗa wa Habu, sai ya nuna mini tafukansa, duk sun saɓule don wanki. Ya ce har yanzu ɗumin jinin yake ji.

Muka shirya mu je wajen shugaban asibitinmu, mu roƙa a haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa. Habu ya ce in fara shiga, yana bayana.

Shugaba ya saurare ni yana murmushi. "Haba Malam Sani, kai da ka saba kwasar gawa? Ai ku ne maza. Ka riƙe addu'a." Sannan ya miƙo hannu. "Kawo mukullin, ka ɗan huta."

Na fito hannu rabbana. Habu ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya juya. Kafin magariba labari ya kai teburin mai shayi, wai direban asibiti ya taɓu. Aka mai da ni share harabar asibiti. In ana yi mini dariya, ta Habu ta fi ta kowa ƙarfi. Ban ji haushinsa ba. Shi ma iyali gare shi, kuma ya ga abin da buɗe baki ya jawo mini.

Na bi shi gida, na roƙe shi mu tafi Kano a ɓoye, ba wanda zai sani.

"Sani, don Allah ka rufa mini asiri. Lafiyata ƙalau."

Bai ƙara yarda mun keɓe ba. Ya ci gaba da fita aiki, ana ta yabon ƙarfin zuciyarsa.

Bayan girbin rani aka tsinci gawarsa da sassafe a ƙasan ƙofar ruwa. Aka ce santsi ne ya kwashe shi garin alwala. Habu a bakin wannan ruwa ya tashi. Sabon direba ne ya kawo motar, ni na kama gawar ta wajen ƙafafu.

In ana lissafa waɗanda rikicin ya ci, ba a sa Habu. Ni ina sa shi.