Ndaliman da Injin da Bai Taɓa Tashi Ba

Shekara ashirin da bakwai Malam Ndaliman ya yi yana kula da injin da bai taɓa jin kukansa ba.

Injin irin na jirgin sama ne, mai aiki da gas, kyautar wasu Turawa ga sashen injiniya na wata kwaleji a bayan garin Minna. Ya iso cikin akwatin katako da komai nasa, ban da sitata, wato na'urar da ke tayar da shi. Aka rubuta takarda a aiko da ita. Kafin amsa ta zo, aka ɗauki Ndaliman, ɗan wani makanikin reluwe, aka ba shi aiki ɗaya: kowace Litinin ya sa hannu ya juya sandar tsakiyar injin, ya shafa giris, don kada ta lanƙwashe ko tsatsa ta kama ta.

Ya riƙe aikin nan kamar salla. Sunan 'yarsa Sharifa ranar Litinin ya faɗo, sai da baƙi suka jira shi.

Ɗalibai da yawa sun sami digiri a kan injin. Su zo su auna shi da tef ɗin awo, su ɗau hoto, su kwashe lambobi daga littafin da ya zo da shi, su rubuta cewa bincike ya nuna injin na da ƙarfi. Ndaliman ne ke nuna musu gaba da baya. Shi burinsa bai wuce ya ji an tayar da shi ba, ko sau ɗaya, kafin ritaya.

Saura wata huɗu ya ajiye aiki, Mujahid, ɗaya daga cikin masu tef ɗin nan, ya dawo da Dakta a gaban sunansa, ya zama shugaban sashe.

"Baba, duniya ta koma sola," in ji shi. "Batura za mu zuba a ɗakin nan."

"To injin fa, Dakta? Lafiyarsa ƙalau. Taɓa ka ji, yatsa ɗaya ke juya shi. Sitata ce kawai."

"Haba Baba, wa zai yar da shi? Karrama shi za mu yi."

Aka gina dandamalin siminti a bakin ƙofar kwaleji, aka ɗora injin a kai, aka shafe shi da koren fenti. Ran nan hadari ya taso, iska ta shiga bakinsa, fuka-fukan da ke jikin sandar suka kama juyawa da kansu, har da wani siririn fito. Ndaliman ya tsaya cikin yayyafi yana saurare, bakinsa a buɗe.

Kwamitin bikin buɗe sola ya zauna a kan maganar. Aka ce zai iya yanke wa wani yatsa, kuma fiton zai dami masu jawabi.

"A yi masa walda, kada ya ƙara juyawa," in ji Dakta. "Baba, kai za ka yi. Ba wanda ya san shi kamarka."

Ya yi, kuma ya yi da kyau, don bai iya wani irin aiki ba.

Litinin ta farko bayan ritaya, ya hau keke daga unguwar Tunga, ya sauka a ƙofar kwaleji da gwangwanin giris a aljihu. Ya kama sandar da hannu biyu. Ko motsi.

Sabon mai gadi ya leƙo. "Kai tsoho, sauka! Ba a taɓawa. Ka san mene ne wannan kuwa?"